Mutumin da Ya Shanye Ruwan Unguwa

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a gefen gari, shi da matarsa da 'yarsu ɗaya. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Ruwa ne matsalarsu. Da Allah ya hore masa, sai ya haƙa rijiyar burtsatse a tsakar gida, ya ɗora tanki. Gida ya wadata, maƙwabta suka sha. Har nan babu laifi.

Sai motocin dakon ruwa suka fara zuwa saye. Ya haƙa ta biyu, ya haƙa ta uku, har ta biyar. Inji ba ya hutawa. Unguwa ta sa masa suna Mai Tanki. In matarsa ta ce ya isa haka, sai ya ce ta tsaya a kan tukunyarta.

A makarantar 'yarsa akwai tsohuwar rijiya. Duk farkon wata malamar ajinsu takan kai su bakinta, su zura igiya da dutse a ɗaure, su yi ƙulli daidai bakin rijiya idan dutsen ya taɓa ruwa. Kowane wata sabon ƙulli yana nesa da na baya. Malama ta ce ruwan sama a hankali yake taruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma duk rijiyoyin unguwa wuri ɗaya suke sha.

Yarinyar ta aro igiyar, ta shimfiɗa a gaban ubanta.

"Baba, ruwan guduwa yake yi. Dubi inda ya koma."

Ya yi dariya. "Uwata, da igiyar shanya za a koya mini sana'ata? Ki gaishe da malamarku."

Rijiyar wani tela maƙwabcinsa ta ƙafe, ta makaranta ta bi. Dattawa suka zo roƙo, ya ce kowa ya ƙara zurfin tasa. Rannan injinsa ya yi tari, ya tofo laka, daga nan sai iska. Ya sayar da tankuna ya ƙara haƙa, aka tarar da dutse. Motocin suka koma wani wuri, ko sallama babu. Yau a layi yake tsayawa da bokiti, cikin mutanen da ya busar wa rijiya. Ba mai zaginsa, ba mai gaishe shi.

Ya 'yan uwa, wa ya ce mana ni'ima ba ta da iyaka? Neman ƙari halal ne, amma cinye rabon maƙwabci da na jikoki zalunci ne. Mu kai yaranmu inda za a koya musu auna abin da ya rage, kuma in sun faɗa mana, mu saurara. Allah ya tsare mu daga cikin da ba ya ƙoshi.

Ita kuwa yarinyar, abin da ta gane shi ne: ruwan ba na babanta ba ne, kuma yana ƙarewa.