Wayar Bakin Auta

Akwai wasu 'yan'uwa mata biyu da ke zaune da mahaifiyarsu a hawa na biyu na wani gidan haya. Babbar, wadda kowa ke kira Yaya, tana da ciwon sukari tun tana makaranta. Allurarta na ƙofar firji, kusa da ƙwai. Ƙaramar, Auta, tana aikin tarbar baƙi a otal, kuma bakinta ba ya riƙe magana.

Lokacin da maganar auren Yaya ta kankama, uwar saurayin ta zo gaisuwa. Auta ta kawo mata ruwa, ta ce tana dariya, "Mama, ku tanadi babban firji fa. Amaryarku da allurarta take tafiya."

Matar ta yi murmushi, ta sha ruwa, ta tafi. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Auta ta ce wasa take yi. Umma ta ce a yi haƙuri. Yaya ta ce ya wuce. Bai wuce ba.

Da tafiya ta yi tafiya, Auta ta samu nata mijin. Haƙoranta na sama sun ɗan hau juna, sai ta je aka sa mata wayar gyaran haƙori saboda hotunan biki.

Ba a jima ba ta fara ƙorafi. Bakinta na ɗanɗanon ƙarfe kamar ta tsotsi makulli. Wayar ta dushe, ta tsinke, ta soke ta a kumatu. Aka sauya wata, ita ma ba ta daɗe ba. Ga ƙishirwa, ga zaryar banɗaki, siket ɗin aikinta ya fara yi mata yawa.

"Yaya, kin gani? Rama kyauta," in ji ta. "Ba irin taki ta gudun shinkafa ba."

Yaya ta gane abin da take gani, domin ta nan ita ma ta biyo. Na'urar gwajin sukari na cikin jakarta, ɗigon jini ɗaya ya isa. Ba ta ciro ta ba. Washegari ta dawo da lemon kwalba mai sanyi.

"Sha, amarya. Ke ai lafiyarki ƙalau."

Ranar da waya ta sake tsinkewa, Umma ta sa Yaya ta raka Auta wurin likitan haƙori. Likitan haƙori ya ɗaga guntun wayar a ƙarƙashin fitila, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa.

"Duk ta yi ƙananan ramuka," ya ce. "Ba ta saba cinyewa da wuri haka ba. Idan sukari ya yi yawa a jini, yawu kan ragu, baki ya yi tsami, ƙarfe ya fi saurin lalacewa. Ga dasashinki ma a kumbure. Akwai mai ciwon sukari a gidanku?"

Auta ta san abin da irin wannan labari ke yi wa aure, tunda ta taɓa gani.

"Babu," ta ce da sauri.

Likita ya dubi Yaya.

"Babu, likita," in ji Yaya. "Kwaɗayin alewa ne kawai."

Ya ce duk da haka Auta ta je a gwada jininta. A kan matakala Auta ta kama hannun yayarta.

"Yaya, in je?"

"Ki je, magana ta kai gidan surukanki? Bari sai bayan biki."

"Allah ya bar mini ke, Yaya."

"Amin," in ji Yaya.

Ba a kai bikin ba. Wata safiya Auta ta zube bayan kantar otal, tana tsakiyar miƙa wa baƙo makulli. A asibiti aka cire wayar gaba ɗaya. Dasashi ya riga ya yi mugunya, haƙoran gaba na girgiɗi, ɗaya kam aka ce sai dai haƙuri.

Da ta farfaɗo, likitar da ke duba ta ta tambayi Umma ko akwai ciwon a dangi.

"Ga yayarta nan, tun tana yarinya," in ji Umma.

Likitar ta juyo wurin Yaya. "To ke ai kin san alamunsa. Gida ɗaya kuke, ba ki taɓa gwada ta ba?"

Kafin Yaya ta buɗe baki, Auta ta yi magana daga kan gado, da ƙyar, leɓe a kumbure.

"Kar ku ga laifinta. Asirina ta rufa. Ita ta ce in bari sai bayan biki."

Umma ta dubi babbar 'yarta. Ta dubi jakar da ke kan cinyar Yaya, wadda na'urar gwajin ke ciki. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tashi daga kujerar nan."

Yaya ta tashi.

"Je ki gida. Ni zan zauna da 'yata."

Darasi: Wasan da ya taɓa lalurar wani ba wasa ba ne. Amma wanda ya ga ciwo a jikin ɗan'uwansa ya yi shiru don ya rama, cutar da ya yi ta fi wadda aka yi masa. In likita ya tambaye ka ciwon da ke danginku, faɗa masa gaskiya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu waya a baki.