Sallar da Ba Wanda Ya Zo Gidan Malam Barau

Ku matso kusa, yau ba labarin dariya na zo da shi ba.

A wani ƙauye na bakin gulbi an yi wani dattijo, Malam Barau. Matarsa Inna Yalwa ta rasu ana saura kaɗan Babbar Sallah, a tsakiyar damina. 'Ya'yansa mata uku, Tabawa da Indo da Kulu, suka baro gidajen mazajensu don su yi Sallah da shi.

Ya ce a dafa yadda uwarsu ta saba. Aka yanka rago, aka tuƙa tuwo, aka dafa shinkafa kamar na biki, ya shimfiɗa tabarmi yana jiran baƙi. Ashe duk shekarun nan don Inna Yalwa ake cika gidan. Har la'asar ba wanda ya yi sallama. Tsoho ya dubi kwanuka jere, idonsa ya kawo ruwa.

"Ku zubar da abincin nan a bayan gida," in ji shi. "Ba na son ganinsa."

Suka ce, "To, Baba." Amma ba wadda ta zubar.

Tabawa, babbarsu, mai hannun riƙo tun tana yarinya, ta kankare ƙanzon tukwane, ta yanyanka ragowar tuwon ta shanya a kan soro, tana kwashewa duk sanda hadari ya taso. Da ya bushe ta ɗura a buhu.

Indo ta wuni gaban murhu tana soya naman har ya yi ƙarau, ta zuba shi a tulu, ta rufe da kitsensa. Hayaƙi ya ba ta damar yin kukan da take ɓoyewa.

Kulu kuwa, auta, ba ta iya adana komai ba. Ta ɗauki miya da shinkafar da ba za su kwana ba, ta kai wa Bawa masunci, wanda ke zaune shi kaɗai a bukka can ƙasan gulbi, mutane ma sun manta da shi.

Ba a rufa mako ba gulbi ya yi ambaliya. Gada ta tafi, rumbu ya rushe, ƙauye ya watse. Su huɗu suka maƙale a kan soro, Malam Barau na fama da zazzaɓi, ba ya ko iya tsayuwa. Ƙanzon Tabawa suka riƙa jiƙawa suna ci, shi ya bar musu ƙarfin jinya. Tsohon kuwa ƙanzo ba ya wuce masa, sai romon naman Indo ake ɗura masa cokali-cokali. Buhu ya ƙare, tulu ya ƙare, ruwa bai janye ba. Ranar da suka fid da rai sai ga Bawa da kwalekwale. Duk gari an ɗauka sun tafi tare da jama'a, shi kaɗai ya ce sai ya leƙa gidan da aka tuna da shi ran Sallah.

Malam Barau ya rayu, amma gidan da ya zauna da matarsa ya narke ya koma laka. Abu ɗaya aka tono daga cikinta, tukunyar ƙarfen Inna Yalwa. Ya rungume ta ya yi kuka kamar yaro, sannan ya ce, "Wadda ta ceci raina ita za ta gaji tukunyar uwarku."

Ba wadda ta miƙa hannu, kuma tukunya ba ta rabuwa uku.

To jama'a, ku kuka ji. Tsakanin Tabawa da Indo da Kulu, wacce za a miƙa wa tukunyar?