Mutumin da Ya Goge Sunan Masu Kyauta

An yi wani mutum ɗan Birnin Kudu a nan Fagam, ba zan kama suna ba, don da matarsa muka yi layin awo. Gwanin kwamfuta ne na gaske. Shi ya haɗa wa wani asibitin haihuwa a Fagam manhajar da ke turo wa mace saƙo a waya, ta tuna mata ranar awo da ranar rigakafin yaro. Abin ya yi wa mata daɗi, kowa sai sa masa albarka yake.

To ya 'yan uwa, ashe ita manhaja haɗe-haɗe ce. Akwai rumbun da ake zuba bayanan mata, akwai shafin da ma'aikata ke dubawa, sai wani ɗan abu a tsakani mai kai-komo, direba suke ce masa. Wannan direban ba shi ya yi ba. Wasu bayin Allah ne suka yi, suka sake shi kyauta a intanet, amma da sharaɗi a lasisinsu: kar a cire sunansu, kuma wanda ya haɗa da nasa ya ba mutane, shi ma ya buɗe nasa kowa ya gani.

Abokin aikinsa Zakka ya ja masa kunne. Ya ce ko dai ya buɗe nasa, ko ya nemo wani direban da lasisinsa bai hana kullewa ba, ya sake aikin. Mutumin nan ya yi dariya, wai wa zai taso daga wata uwa duniya ya leƙo Fagam? Ya bi sunayen ya goge, ya kulle komai.

Ana nan sai wata ƙungiya ta ce za ta kai manhajar duk asibitocin Gwaram. Suka turo mai bincike, sunanta Prisca. Aka zauna a rumfar asibiti, ga mai unguwa, ga ungozoma, ga mu mata da goyo. Prisca ta daɗe tana duba kwamfutarsa.

Ta ɗago ta ce, “Malam, direban nan naka ne, ko na aro ne? In na aro ne faɗa mini, ana iya gyarawa.”

Kun ji an buɗe masa ƙofa ko? Ya dubi mai unguwa, ya dubi matarsa a cikinmu. Ya ce wallahi babu hannun kowa a ciki sai nasa.

Prisca ta juyo da kwamfutar, ta jera nasa da na masu shi. Layi bisa layi iri ɗaya, har kuskuren da suka yi shi ma yana nan. Mai unguwa ya saka takalmansa ya tafi.

Ƙungiya ta janye, asibiti ya sauke manhajar. Yau ko waya ba mai ba shi gyara. Zakka ne ya sake haɗa wata a buɗe, da sunan kowa a jiki, jiya-jiyan nan ma saƙon rigakafin Ikrima ɗana ya shigo!

Ya 'yan uwa, me aka nema a wurinsa? An ba shi kyauta, an ce kawai ya cika sharaɗi. Don mai abu yana nesa, sai amanarsa ta faɗi? Shi da ya goge sunan mutane, nasa ne ya goge a garin nan.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya tsare bakunanmu daga rantsuwar ƙarya. Amin.