Tambayar Albasa a Zauren Alƙali Ɗalhatu

An ce wai a wani gari na bakin fadama an yi wani tsohon alƙali, Malam Ɗalhatu, wanda ya ajiye aiki amma shari'a ta ƙi ajiye shi, don kullum zaurensa a cike yake da masu neman a raba musu gardama.

Wata rana wani manomin albasa mai suna Cindo ya zo masa da 'yarsa Suwaiba, da fom ɗin shiga jami'a a hannu, saura mako guda a rufe karɓa. Shi so yake ta karanta aikin lauya, domin ya gaji da ganin gidansa cikin taɓo, kuma bai taɓa ganin lauya da faso a ƙafa ba. Ita kuwa ilimin cututtukan tsirrai take so. Cindo ya ce wannan karatun ba shi da abinci, ya rantse in ta rubuta shi a fom, ba hannunsa, ba albarkarsa. Yarinyar tana tsoron fushin mahaifi, tana kuma tsoron shekara arba'in cikin aikin da ranta bai kwanta da shi ba.

Alƙali bai ba kowa gaskiya ba. Ya sallami uban, ya ba Suwaiba littafin rubutu guda biyu. Ya ce ta yi kwana uku tana zama a kotu, kwana uku a rumfar da ubanta ke ajiyar albasa, duk abin da ya ɗaure mata kai ta rubuta shi, kada ta nuna wa kowa sai shi, ta kawo masa littattafan a daren kwana na shida.

Ran na bakwai suka dawo, aka tarar da zaure cike da manoma, don malam ya aika a kira su. Ya buɗe littafi na farko. Tambaya ɗaya ce tak a ciki, wai me ya sa ake yawan ɗage shari'a. Aka yi dariya, har Cindo ya murmusa. Malam ya ajiye shi, ya ce kafin a ci gaba yana da wasu tambayoyi da yake neman mai amsa su. Ya ɗauko wata takarda da ya kwafa da hannunsa, ya karanta: me ya sa albasa ke fara ruɓa daga wuya alhali jikinta lafiya lau? Me ya sa ta ƙasan tuli ke riga ta sama lalacewa? Cutar daga gona take biyo ta, ko a rumfa take samunta?

Cindo ya manta abin da ya kawo shi, ya miƙe kan gwiwoyinsa.

"Allah gafarta Malam, shekara talatin ina kuka da wannan. Wanda ya san amsar nan, wallahi mu da manoman garuruwa goma a ƙofarsa za mu tare. Ina yake?"

Malam Ɗalhatu ya ɗaga littafi na biyu, shafi goma sha ɗaya cike fal da rubutu.

"Ba a same shi ba tukuna, Cindo. Amma ga mai neman amsar a bayanka, kai kuma ka rantse ba za ka bar ta ta nema ba. Ka ce karatun nan ba shi da abinci. Yanzu da bakinka ka faɗi yawan masu jiransa."

Waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa ganin mutum ya yanke wa kansa hukunci yana murna ba sai ranar. Cindo ya juya ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara ganinta. Bai iya rubutun boko ba, amma shi ya zaro biro daga aljihun malam ya sa mata a hannu, idonsa ya cika da ƙwalla, ya ce, "Rubuta, Allah ya yi miki albarka."

Daga nan masu hankali suka ɗauki darasi cewa karatun da ke haifar maka da tambaya shi ne naka, kuma in tambayar ita ce ke damun jama'a, ba za ka rasa abin yi ba.