Dutsen da Ya Gusa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Ilu mai wankin hula. Ba malami ba ne, jama'a, ba kuma attajiri ba ne. Wani bawan Allah ne da hannunsa kullum ke cikin kumfar sabulu. Amma da zarar an sallame la'asar, sai ya rataya usur a wuya, ya nufi filin bayan makaranta, inda yara 'yan shekara shida zuwa takwas ke cirko-cirko suna jiransa. Shi ne alƙalin wasansu na ƙwallo, ba kuwa wanda ya sa shi. Biyar-biyar yake raba su. Wanda ya faɗi ya ɗaga shi ya kakkaɓe masa jiki, mai majina ya share masa, wanda wandonsa ya zame a tsakiyar fili sai a tsayar da wasa a ɗaure masa tazuge.

Ba su da raga. Duwatsu biyu ake ajiyewa, su ne gida. Ilu da kansa yake auna tsakaninsu da ƙafarsa, taku shida cif, sannan ya ja zane a ƙasa a gindin kowane dutse.

To, yana da jika, Nafi'u, wanda aka kawo masa bayan rasuwar mahaifin yaron. Wata uku yaron nan ya yi a gidan ba um ba um-um, sai dai kallo. A filin nan bakinsa ya buɗe, har ya fara tsokanar kakansa yana ce masa Tsoho. Wallahi Ilu ya fi son wannan tsokanar da komai a duniya, kuma ba abin da yake tsoro kamar yaron ya koma shirunsa. Sai dai Nafi'u bai taɓa cin ƙwallo ba, ko sau ɗaya. Ƙafar tasa ba ta jin magana.

Ran nan yaran wata unguwa suka zo wasa. Ana daf da tashi, ba wanda ya ci wani, sai ƙwallo ta gangaro gaban Nafi'u. Ya rufe ido, ya sakar mata ƙafa. Ta bi ta gefen gola, ta wuce tsakanin duwatsu! Fili ya kaure da ihu. Yaron ya sheƙo da gudu ya rungume ƙafafun kakansa.

"Tsoho, ka gani? Na ci! Na ci!"

Ku saurara, jama'a. Ilu ya gani, har da abin da ba wanda ya gani. Ɗazu golan baƙi ya shure dutse ɗaya wajen tsalle, dutsen ya gusa daga zanensa, kuma ta wannan ƙarin ƙwallon ta bi. Su baƙin sun ma yarda an ci su, golansu har ya fara kuka. Da Ilu ya yi shiru, shi ke nan. Wa zai sani? Zuciyarsa ta ce masa, yi shiru mana, maraya ne, yau ce rana ɗaya da ya yi dariya har da hawaye.

Ya zare hannun yaron a hankali, ya je ya auna gidan a gaban kowa. Taku bakwai.

"Ba ci ba ne," in ji shi. "Dutse ya gusa."

Nafi'u bai yi kuka ba. Kallonsa kawai ya yi, ya juya ya tafi gida. Kwana huɗu bai ce wa kakansa uffan ba.

Matar Ilu, Iya Tabawa, ta kasa haƙuri. "Haba Malam! A kan dutse? Yaron da muka sha wuya kafin ya yi magana?"

"Tabawa," ya ce, "shi ma golan nan ɗan wani ne."

Ya faɗa da ƙarfin hali, amma da ya koma kan hulunansa, hawaye ne ke ɗiga cikin ruwan wankin.

Rana ta biyar Nafi'u ya zo fili, ko gaisuwa babu. Ana cikin wasa wani ƙaramin yaro ya faɗi, Ilu ya sunkuya yana ɗaga shi. Sai ihu ya tashi a gaban duwatsun su Nafi'u, wasu na cewa an taɓa ƙwallo da hannu, wasu na rantsuwa ƙarya ne.

"Ban gani ba," in ji Ilu. "Abin da ban gani ba, ba na hura masa usur."

Sai wata 'yar murya daga bayansa: "Tsoho. Hannuna ta taɓa."

Allahu akbar! Ilu ya juya, suka haɗa ido. Ya hura usur, aka ba wancan ɓangaren fenariti, suka ci, su Nafi'u suka sha kashi. A hanyar gida yaron ya kama hannun kakansa, ya ce, "Tsoho, idon nan naka ya tsufa. Tabarau za mu nema maka."

Ilu ya yi dariya har ya zauna a bakin hanya.

Jama'a, gaskiya ba ta da ƙarama, kuma ba ta da ɗan gida. Kowannenmu alƙali ne a wani wuri: kai a gidanka, ke a tsakanin 'ya'yanki da na maƙwabta, kai a kan mudunka. Ranar da naka ya yi ba daidai ba, kuma kai kaɗai ka gani, ranar ce ake gwada ka. Kada ka ce son da kake masa ne ya sa ka rufe ido. Yaranku ba wa'azinku suke bi ba, ku suke kallo. Abin da kuka yi a gabansu yau, shi za su yi a bayan idonku gobe. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan wanda muka fi so.