Bel Ɗin Kujerar Darlene

Akwai wani dattijo a wani ƙaramin gari cikin jihar Indiana, sunansa Vernon Haskell. In ka ji tagogi na karkarwa ranar Asabar da hantsi, karnuka sun ruɗe da haushi, kada ka tsorata. Vernon ne ya tayar da motarsa.

Baƙa ce wuluk, ƙirar 1964, ƙofa biyu, injin silinda takwas, irin waɗanda aka ƙera zamanin da mai ke arha kamar ruwan famfo. Kullum yana cikin gareji yana shafa ta da tsumma mai laushi. Matarsa Darlene takan ce da ita ake goge wa jiki haka, da har yau samari na tsayar da ita a hanya.

Amma ita ma tana son motar. Duk Asabar takan ɗaura ɗankwali saboda iska, ta zauna gefensa, su tafi harabar gidan abincin da masu tsofaffin motoci ke haɗuwa. Maza su buɗe bonet su yi ta cika baki, mata su sha gahawa suna yi musu dariya.

Mutumin da ya sayar wa Vernon motar ya sa wa kujerunta bel tun tuni, mai ratsa kafaɗa da ƙugu. Darlene ba ta taɓa barin a motsa ba sai ta ɗaura nata.

To, duk kaka akan yi gasar tsofaffin motoci a filin baje kolin gunduma. Alƙalan gasar nan ba su da wasa. Da ɗan madubi a kan sanda suke yawo, suna leƙa ƙarƙashin mota. Duk abin da ba da shi ta fito daga kamfani ba, ko noti ɗaya ne, sai sun rage maki.

Shekarar da ta gabata Vernon na biyu ya zo. Alƙali ya ɗaga bel ɗin da yatsa biyu, kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce, "Wannan ba nata ba ne." Shi ke nan kofi ya tafi hannun wani.

Abin ya tsaya wa Vernon a wuya shekara guda cur.

Ana saura 'yan kwanaki gasa, Darlene ta kai masa gahawa gareji, ta tarar da shi durƙushe da sifana. Bel ɗin duka biyu na yashe a ƙasa.

"Tsoho, me zan gani haka?"

"Gyara nake, uwargida. Na mayar da ita yadda aka haife ta."

"To ni da me zan ɗaure?"

"Ki riƙe ni mana. Ba haka kike yi ba da muna yara?"

"Da muna yara ba mu da hankali. Ka mayar min da bel ɗina, Vernon."

"Ana gama gasa zan mayar. Rana ɗaya ce tak."

Ana cikin haka sai ga yayanta Clyde, manomin masara, ya shigo. Ya dubi bel ɗin a ƙasa, ya dubi ƙanwarsa, ya cire hula ya sosa sanƙonsa.

"Suruki, gaban motar nan fa ƙarfe ne zalla. Birkinta kuma na zamanin kakanni. Ka ɗora ta a tirelata, in ja maka ita har filin. Darlene ta shiga tawa."

Vernon ya ƙyalƙyale da dariya.

"Tirela? Gawa ce da za a ɗauke ta? Motar da ba ta kai kanta gasa ba, ai kujerar falo ce. Ku da kuke hawa motocin roba, su riƙe muku sitiyari, su taka muku birki, saura su share muku hanci. Ni direba ne, Clyde. Ban taɓa ko goga wa wani fenti ba."

"Ba kai kaɗai ke bin titi ba."

"Kai dai tafi ka ji da masararka."

 Darlene ta san mijinta, in ya kafe ko jaki ya san da zamansa. Kuma ta san in ta ƙi shiga, zai shiga filin nan shi kaɗai a gaban abokansa, abin ya yi masa ciwo.

Ranar gasa gari ya waye tangaran. Ta fito da kwalliyarta, riƙe da kek ɗin tuffa da za ta kai wa matan cocinsu. Da ta zauna, hannunta ya tafi kafaɗa da kansa yana laluben bel. Ya kama iska. Ta mayar da shi kan kek ɗin da ke cinyarta.

Hanyar miƙaƙƙiya ce, gonakin masara dama da hagu, ana ta girbi. Vernon ya ga titi fayau, ya ɗan taka totur don injin ya buɗe murya.

Injin girbi ne ya koro barewa daga cikin masara. Ta faɗo titi tsulum.

Ya taka birki iya ƙarfinsa. Tayoyin suka ƙulle, motar ta zame kamar a kan ƙanƙara, ta bar titi, ta daki bakin kwalbati.

Shi sitiyari ya tare shi, ya karya masa haƙarƙari. Ita babu abin da ya tare ta.

Kafin motar asibiti ta iso, Darlene ta cika.

A maƙabarta Clyde bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai zo da tirelar tasa bayan kwana biyu, ya ɗauko baƙar motar, ya ajiye bayan rumbunsa ya lulluɓe da tamfol.

Da Vernon ya warke, ya sayi wata 'yar ƙaramar sabuwar mota mai ruwan toka, irin waɗanda yake zagi. Irin motar nan in mutum ya zauna bai ɗaura bel ba, kujerar na jin nauyinsa, sai ta kama ƙara har sai ya ɗaura.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga zai je sayen burodi. Ya ɗaura bel ɗinsa. Ya fita titi.

Ɗin. Ɗin. Ɗin.

Ya duba nasa, a ɗaure yake. Ya dubi allon gaban mota. 'Yar jar fitila na nuna kujerar gefe.

Babu kowa a kujerar. Ko jarida babu.

Ya tsaya, ya kakkaɓe ta, ya leƙa ƙarƙashi. Ya sake tashi. Ƙarar ta dawo, ba ta daina ba har ya je ya dawo.

Litinin shiru. Talata shiru. Har ya ce a ransa ai dama kayan zamani ne, ba su da tabbas. Asabar na zagayowa, daidai lokacin da suka saba fita, sai ga ƙarar ta dawo.

Ya kai motar wajen waɗanda suka sayar masa. Suka jona ta da na'ura, suka canja abin jin nauyin, suka ce lafiyarta ƙalau. Asabar ta zo, ƙarar ta ci gaba.

Labari ya bazu. Wasu suka ce wani shaƙiyyi ne ya ɓoye masa ƙarfe cikin kujera. Har ni aka zo aka titsiye, don duk garin an san babu wanda ya kamo ƙafata wajen shirya wa mutum tsiya. To wannan dai ba aikina ba ne, kuma ban san mai iya shi ba.

Vernon ya rame. Ya gwada ƙure rediyo, ƙarar ta ratso. Ya gwada toshe kunne da auduga. Ya daina fita ranar Asabar, sai ya zauna a kicin yana kallon motar ta taga, gahawarsa na hucewa. Wani lokaci ya ga kamar kujerar ta ɗan lotsa.

Wata Asabar ya kasa jurewa, ya kira Clyde. Tun jana'iza ba su yi doguwar magana ba.

"Yaya, don Allah ka zo. Ko dai na haukace ne, ko kai ma ka ji."

Clyde ya zo da kayan gonarsa. Ya kama ƙofar gaba zai buɗe, sai ya tsaya. Ya saki. Ya buɗe ta baya ya shiga.

Ba su yi nisa ba ta fara.

Ɗin. Ɗin. Ɗin.

"Ka ji?" in ji Vernon.

"Na ji."

"Gobe zan sa a tsinke wayar kujerar. Akwai bakaniken da ya ce zai iya kashe ta gaba ɗaya."

 Clyde ya ƙura wa bayan kujerar ƙanwarsa ido.

"Har yanzu cirewa kake son yi, suruki?"

Vernon ya gangara gefen titi ya tsaya. Injin na aiki a hankali, ƙarar na ta bugawa. Gonakin sun zama fili, an gama girbi, iska kawai ke kaɗa busasshen kara.

"Ta ce in mayar mata," ya ce. "Na ce sai an gama gasa."

"To an gama."

Vernon ya miƙa hannu a hankali, kamar mai tsoron ya taka wa wani ƙafa. Ya jawo bel ɗin ta saman kujerar da babu kowa, ya ratsa shi, ya soka.

Ƙarar ta ɗauke ɗif.

 Clyde ya rufe fuska da hularsa. Vernon ya kifa goshi a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza.

Har yau yana nan. In ka gan shi zai fita, za ka ga ya fara zagayawa ɗaya gefen, ya buɗe ƙofa, ya jira kaɗan, ya ɗaura bel, ya rufe a hankali. Wanda ya taɓa wucewa kusa ya ce ya ji shi yana tambaya ƙasa-ƙasa:

"Bai matse ki ba ko, uwargida?"

Darasi: Kwalliyar mota da yabon mutane ba su kai ran wanda ya zauna a gefenka ba. In na kusa da kai ya roƙe ka abin da zai kare shi, yi masa yanzu, kada ka ce sai an jima. Ku tura wa duk wani mai mota da kuka sani, musamman mai taurin kan da ke cewa shi gwanin tuƙi ne.