Hannun Nafi'u da Zaɓen 'Yan Wasa

Nafi'u ɗalibi ne daga Sakkwato, yana karatun Shari'a a Alƙahira. A shekarar 2012 ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar besbol, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya kuma ya doke ta da kulki. Allah ya ba shi hannu. In ya saki ƙwallo, sai dai mai duka ya ji ƙararta a bayansa. Shi ya ciyo musu kofi a kakar 2013, ɗaliban Arewa suka ɗaga shi sama suna ta kabbara.

Daga nan kansa ya kumbura. Ya daina zuwa atisaye. Abakar, Bahaushen Sudan da ke cafe masa ƙwallo, ya same shi har ɗaki a unguwar Ard al-Liwa.

"Yalla, taso ɗan'uwa, koci na cigiyarka."

"Ni za a koya wa jifa? Khalas, magana ta ƙare, ku je ku yi ta fama."

A 2014 wata ƙungiyar ƙwararru daga ƙasar waje ta aiko wakili ya zaɓi ɗan wasa guda. Nafi'u ya bi abokai yana yi musu sallama tun kafin ranar, don a ganinsa shi za a ɗauka.

Ranar gwaji ya yi jifa goma. Ƙarfin yana nan, saitin ya gudu: bakwai suka kauce, Abakar na ta faɗuwa cikin ƙura yana tare su. Wakilin ya karɓi bayanan 'yan wasan na kakar wasa uku daga hannun koci, ya duba a tsanake. Abakar bai taɓa fashin wasa ko atisaye ba. Sunansa aka kira.

Filin ya kaure da sowa. Nafi'u ya tsaya kamar an dasa shi, kunya ta rufe shi. Can ya taka ya rungume Abakar.

"Ka cancanta, wallahi. Yau ka fitar da Hausawa kunya. Ka yafe mini."

"Ma'alish, ba komai," in ji Abakar, idonsa cike da hawaye. "Jifanka ne ya koya mini cafewa."

Washegari Nafi'u ya riga kowa isa fili, shi ya share shi ma.

Darasi: baiwa kyauta ce daga Allah, ba abin taƙama ba. Wanda ya raina atisaye, baiwarsa za ta yashe shi ranar da ya fi bukatarta. Mai naci kuwa, ko bai yi surutu ba, aikinsa zai yi masa shaida.